Famfon Isiyaku

Jikwoyi, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata, wadda nake kira Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kuma Inna Asabe da maigidanta suna nan ƙalau. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin mota da sharrin mutum, ya sa ki fara aikin nan a sa'a. Amin.

Na ba Yohanna maƙwabcinmu takardar nan, tunda gidan da yake gadi a Maitama layi ɗaya ne da inda kika sauka. A cikin ledar akwai littafinki na waƙoƙi, wanda kika bar mini ranar Asabar. Roƙona ɗaya ne: kada ki maido shi ta hannun Yohanna sai kin karanta abin da na rubuta har ƙarshe. In kin gama kika ga har yanzu ba kya son sa, ki maido. Ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Ba ni da labarin gida da zan ba ki. Gidan yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya ƙara girma.

Ranar da kika ɗaure akwatinki, kin tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ba ki shigo ba. Kika durƙusa, kika turo littafin kan tabarma.

Na ce, "Wannan fa?"

Kika ce, "Na bar shi, Baba. A ofis abin da aka miƙo mini shi zan buga a tafireta, lokaci ya yi in tashi. Babu sunana a ciki, babu ruwana."

Na ce, "Waƙar fa?"

Kika ce, "Na ga abin da ta yi maka."

Amsar da na ba ki ita ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shekara sittin da 'yan kai ina tara kalmomi, ranar da nake bukatarsu guda huɗu kawai suka zo.

Ba zan yaudare ki ba. Waƙa ba ta ciyar da kowa a garin nan, ba ta tsayar da katafila, ba ta tayar da matacce. In riba kike nema, tafireta ta fi. Amma kin yi kuskure a abu guda. Waƙa ba ta yi mini komai ba. Ni na yi mata, na yi wa mutane da ita, na kuma yi wa gidana da sunanta. Kin san gutsattsarin labarin daga bakin mutane. Yau ki ji shi daga bakin mai laifin.

Ni ɗan Liman ne, kin sani. Na sauke Alƙur'ani kafin a kai ni boko, na yi kwalejin malamai, har aka tura ni Ingila kwas. Na koyi awon waƙa a gaban mahaifina tun ban fara aski da kaina ba. Akwai lokacin da ake karanta waƙoƙina a rediyo, mutane su tare ni a tasha su rera mini baitina. Daga aji aka ɗauke ni zuwa Legas, ofishin wayar da kan jama'a. Da aka yanke shawarar ɗauke kujerar mulki daga bakin teku a kawo ta tsakiyar ƙasa, ina cikin waɗanda aka fara turowa. Muna kwana a Suleja, muna aiki a ofis na katako, ko'ina ciyawa da duwatsu. Na yarda da garin nan fiye da waɗanda suka zana shi. Aka ce gari ne na kowa, ba na wata ƙabila ba. Ban tsaya na tambayi kaina ba, to doyar da muke ci kullum, a gonar wa aka haƙo ta?

Wata rana ogan sashenmu ya kira ni. Akwai wani ƙauyen Gbagyi da ake so ya tashi, titi zai bi ta kansa. An gina musu sabon wuri can nesa, sun ƙi motsawa.

Ya ce, "Malam Isiyaku, mutanen nan ba sa karanta takarda. Sau uku muna aika musu sanarwa, suna naɗe taba da ita. Yi mana waƙa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mota in je in ga sabon wurin."

Ya ce, "Motar tana gareji. Ga taswira, ga hoto. Makaranta nan, asibiti nan, famfo nan. Kai da ka yi Ingila, sai ka shiga daji kafin ka yi waƙa? Ranar Litinin nake son ta."

Ya taɓa ni a inda nake da rauni. Na ɗauki taswirar na tafi masauki, kwana biyu na gama. Kuma ta yi daɗi, Uwata, wannan shi ne abin baƙin cikin. Ban taɓa yin waƙar da ta zauna daram kamar ta ba. Amshinta, "Ku ɗaura kaya, 'yan'uwa, mu tafi," ko wanda ba ya jin Hausa sosai sai ya kama shi.

Kin san al'adarmu ta masu rubuta waƙa: a buɗe da sunan Allah, a rufe da sunan mai waƙar da na ubansa. Kakanki ya koya mini cewa wannan baitin na ƙarshe ba wurin taƙama ba ne. Sa hannu ne na mai shaida. In abin da ke sama ƙarya ne, ga wanda za a kama, ga gidansu. Ga abin da na sa a nawa:

Ni Isiyaku ɗan Liman na shaida,
Na je na gani, na sha, ya fi na rafi.

Ban je ba. Ban gani ba. Ban sha ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa amsa-amon waƙar ne ya jawo ɗangon, ba ni ba. Ƙarya ce wannan ma. Na san sarai cewa taswira ba za ta tayar da mutum daga kan kabarin ubansa ba, sai maganar wanda ya ce ya je.

Aka ɗauki muryata a kaset, aka ɗaura lasifika a kan mota, ana zagaya ƙauyen ranar kasuwa. Mata suka riƙa rerawa a wajen daka. Kafin damina suka tashi, ko sanda ba a ɗaga ba. Oga ya rungume ni a gaban mutane, aka ƙara mini girma.

Sai da rani ya shigo na fara taka wurin, ranar da aka ce mu raka wasu baƙi su ga yadda aka tsugunar da jama'a. Gidaje a jere kamar bariki, rufin kwano, babu rumbu, babu inuwa. Famfon yana tsakiyar fili, sabo fil, da koren fenti. An haƙa ba a tarar da ruwa ba, aka dasa kan famfon aka tafi. Mutane da yawa ƙafafunsu ɗaure da tsumma, kurkunu ya kama su.

Direbanmu, don ya burge, ya nuna ni ya ɗaga murya: "Ga mai waƙar nan taku!"

Wata dattijuwa, ana ce mata Mama Ladi, ta dawo ke nan daga kwari da ƙwaryar ruwa a kafaɗa, yadda matansu suke ɗaukar kaya. Ta sauke ƙwaryar, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne Isiyaku? Yaron Liman?"

"Ni ne, Mama."

"Ashe kai ƙarami ne. Muryanka a mota babba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta ɗebo ruwan a ƙoƙo, ja kamar kunun kanwa, ta miƙo mini da hannu biyu.

"To, sha. Ka ce ka sha. Sha yanzu, waƙa ya zama gaskiya."

Na dubi ruwan, na dubi ƙafafun mutanen. Na ce, "Azumi nake yi, Mama."

Ta ce, "Yau Talata, Malam. Ni coci nake zuwa, amma na san Litinin da Alhamis."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ba ta watsa mini ruwan ba, da ma ta watsa. Ta mayar da shi cikin ƙwaryar a hankali, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Sannan ta ce, "Mijina yana can, mun bar shi a ƙasa. Ni na ce ba na tashi. Ɗana ya ce, Mama, yaron Liman ya je, ya sha. Mutum ba ya sa sunan babansa a ƙarya." Ta ɗaga ƙwaryarta ta wuce.

Tun daga ranar suke kiran wannan ƙarfen famfon Isiyaku.

Don haka ki ji ni. Kada ki rubuta "na gani" sai kin gani. In an hana ki mota, ki taka da ƙafa. In ƙafa ba za ta kai ba, ki rubuta "an ce mini," ko da awon baitin zai gurgunce. Ki fi jin tsoron baitin da ya zo miki da sauƙi ya kuma yi daɗi, musamman in wani babba yana jiransa ranar Litinin. Kuma duk ranar da aka miƙo miki ƙoƙon abin da kika rubuta, ki sha. Ƙaryar farko na yi ta ne ina ɗaki, ban ga fuskar kowa ba. Ta biyun a gaban tsohuwa na yi ta, ita ce ba ta bar ni ba har yau.

Kin ce babu ruwanki da abin da za ki buga a ofis. Sanarwar nan da aka naɗe taba da ita, wani ne ya buga ta, shi ma ya tashi da lokaci ya yi. Ba na cewa ki bar aikin. Ki ci abinci. Amma kada ki ɗauka barin waƙa zai wanke miki hannu.

Bayan wannan aka ci gaba da neman waƙoƙi daga wurina, na buɗe titi, na aza harsashi, na tarbar baƙi. Na riƙa kawo uzuri. Aka rubuta a fayil ɗina cewa ba ni da haɗin kai, aka tsallake ni sau biyu, daga baya aka yi mini ritaya tun da sauran ƙarfina. Waɗanda nake gyara wa Turanci a Legas, yau su ne a manyan gidajen layinku, masu gadi biyu biyu. Ni ko fuloti ban samu ba a garin da na yi wa waƙa. Mai unguwar nan Jikwoyi, shi ma Bagbagyi, shi ya nuna mini filin da muke ciki. Ya san ko ni wane ne. Bai taɓa ɗaga maganar ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na yi ɗaki uku, na ware ɗaya na ce na rubutu ne. Na gaya wa mahaifiyarki cewa zan yi babbar waƙa, wadda za ta goge waccan, kuma mai irin wannan aiki yana bukatar kaɗaici. Na kafa doka: in ƙofar nan tana rufe, kada a buga. Kin tashi kin ga dokar. Kin ga tana ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa, ta rufe shi da faifai, ta koma da sanɗa. Kin koyi yin wasa ba tare da murya ba. Shekara bakwai muka yi a haka.

Kin san abin da nake yi a ciki? Buɗe waƙa nake yi. In yabi Allah, in yi salati, baiti biyar, baiti shida, masu kyau. In na iso inda zan ce "na yi ƙarya," sai alƙalami ya tsaya. In juya shafi in sake buɗewa. Sauran lokacin ina kwance ina kallon silin, ina shirya amsoshin da ya kamata in ba oga, ina zagin abokan karatuna ɗaya bayan ɗaya a zuci. Wannan nake kira kaɗaicin mawaƙi.

Sau ɗaya tak ta karya dokar. Bayan la'asar ne, ta ƙwanƙwasa a hankali.

"Malam, ina son magana."

Ban buɗe ba. Na ce, "Ba na ce kada a buga ƙofar nan ba? Baiti ne a bakina, kin kore shi."

Ta ce, "Yi haƙuri." Na ji takunta ya koma.

Wata huɗu bayan nan matar Yohanna ta tare ni a hanyar masallaci, hannu a ƙugu. "Malam, kai ba ka da ido ne? Matarka ba ta iya ɗaga bokiti. Ni nake ɗebo muku ruwa tun kafin Kirsimeti." Ashe maganar da mahaifiyarki ta zo yi ranar nan ke nan, wani ƙullutu da take ji a cikinta. Da muka je asibiti likita ya dube ni ya ce, "Ina kuke tuntuni?" Ina ɗaki, taku goma daga inda take kwance.

A gadon asibiti ta tambaye ni, "Malam, an gama waƙar?"

Na ce, "Saura kaɗan."

Ta ce, "To, alhamdulillahi. Ba a banza ba."

Da wannan ta tafi. Baitin da na ce ta kore mini kuwa, wallahi ban san ko akwai shi ba.

Ba zan ce miki ki guji zama ke kaɗai ba. Babu waƙar da ake yi a tsakiyar hira. Dole mutum ya janye, ya yi shiru har ya ji abin da ke ƙarƙashin surutunsa. Amma janyewa iri biyu ce, kuma a waje kamanninsu ɗaya. Ga yadda za ki gane: in kika fito kika ga fuskar mutanen gidan da kyau fiye da yadda kika shiga, kika lura wane ya rame, wace ta yi shiru, to aiki kika yi. In kika fito kina jin haushin motsin cokali, ɓuya kika yi. Ni ɓuya na yi, na sa mata rawani. Ki zauna ke kaɗai awa ɗaya, awa biyu, ki bar ƙofa a saye. In an buga, ki tashi. Baiti yana dawowa, in ma bai dawo ba babu wanda za a binne.

Laifi na uku ke na yi wa, kuma shi ne ya fi gajarta. Kina shekara goma sha biyar, bayan rasuwar mahaifiyarki da 'yan watanni, kika kawo mini waƙa a takardar makaranta. A kan kwanon abinci ce, wanda ake ajiyewa a bakin ƙofa har ya huce, da matar da take tsayawa tana sauraron ko za a ɗauka. Ba ki ambaci sunan kowa ba. Na karanta, na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Kina tsaye, hannuwanki a baya.

Kika ce, "Baba, ta yi?"

Na jawo jan biro na ja layi. Na ce, "Baiti na uku ya karye. Ki je ki gyara."

Ba ki ƙara nuna mini komai ba. Kin yi daidai.

Baitin ya karye, gaskiya ne, yanzu ma na sake auna shi a littafinki. Amma ya karye ne a daidai inda muryar mutum take karyewa in ya zo faɗin abin. Kada ki gyara shi. Abin da ya kamata in ce miki ranar shi ne: ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan ba, da rediyona da Ingilata. Na sani a lokacin. Sanin ne ya sa na nemi jan biro. Ki kiyayi irina, suna da yawa, kuma yawancinsu sun yi karatu. Mutumin da kika kawo wa gaskiya ya tsaya yana ƙirga gaɓoɓi, ba ilimi ne ya yi masa yawa ba, tsoro ne. Ki koyi awo, ki iya shi har ki daina tunaninsa, amma kada ki ɓuya a bayansa yadda na yi.

Bara, lokacin da manyan motoci suka riƙa shigowa daga Legas ɗauke da kujeru da akwatunan fayil, aka ce kujerar mulki ta iso da gaske, an yi biki a cikin gari. Babu wanda ya tuna da ni, kuma da an tuna ban san da wace fuska zan je ba. A makon na hau mota na koma wancan wurin mai famfo. Ban tafi da waƙa ba, don babu ita. Na tafi ne kawai in nemi Mama Ladi in ce ta miƙo ƙoƙon.

Aka ce ta rasu tuntuni, a wajen 'yarta, can ta Abaji.

Famfon yana nan. Fentin ya kaɗe, an ɗaure akuya a jikinsa. Wani magidanci yana gyaran keke a gefe, na gaishe shi, na ce, "Wannan famfon yana aiki kuwa?"

Ya ce, "Famfon Isiyaku? Baba, kai baƙo ne."

Na ce, "Wane ne Isiyakun?"

Ya ce, "Oho. Wani ɗan kwangila ne, in ji manya. Ɓarawo dai."

Ban gyara masa ba. Na roƙi ruwa, matarsa ta kawo mini a kofin roba, na shanye tas. Suka ce sannu da hanya. Ruwa ne kawai, Uwata. Wadda shansa zai yi wa ma'ana ba ta nan. Abin da na koya a tafiyar ke nan: neman gafara ma yana da lokacinsa, in ya wuce sai dai ka sha ruwa ka hau mota.

Da na dawo na buɗe akwatin ƙarfen da nake tara tsofaffin waƙoƙina, na tarar gara ta shiga ta ƙasa. Na rediyo, na ƙuruciya, duk sun zama ƙasa. Idona ma ya fara hazo, wannan takardar kwana uku nake rubuta ta. Na yi lissafin abin da zai rage daga gare ni a duniya: ƙarfe ɗaya da ake ɗaure akuya. Garin zai ci gaba da girma, za a yi fitilu har kan duwatsu, masu zuwa za su ɗauka a haka Allah ya halicce shi. Ba na ganin za su karanta ni, ba na ma tabbatar za su karanta ki. In kin tambaye ni mene ne amfanin rayuwar da aka yi a kan takarda, ba ni da amsa mai faranta rai. Iyakar abin da na sani, wani ya tsaya ya ce ga yadda abin ya faru, ni na gani, ga sunana. Ko babu mai saurare, an dai faɗa. Ni an ba ni wannan aikin na ɓata shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na maido miki littafin. Bayan tafiyarki na karanta shi daga farko har ƙarshe, ki yafe mini. Waƙoƙin farko kin rufe su yadda aka saba, da sunanki da "'yar Isiyaku." Daga baya kika bi su da biro kika soke, har takardar ta huje. Daga tsakiyar littafin zuwa ƙarshe kuwa, babu waƙar da take da baitin ƙarshe. Kowace sai ta zo gab da rufewa ta tsaya, ki bar fili fari. Na ƙirga filayen da yatsa kamar makaho.

Na san ranar da abin ya fara, matar Yohanna ta gaya mini tun a lokacin. A kasuwar doya ta hanyar Karshi wata mata ta tambaye ki 'yar wane ce ke, kika faɗa, ta tafa hannu ta ce, "Mai famfo?" Kika dawo gida ba doyar. Ni kuwa ban fito ba. Ƙofata a rufe take.

Ashe ba waƙar kika gaji da ita ba. Rufe ta ne ya gagare ki, saboda al'ada ta ce sai an sa sunan uba, sunan uban kuma ga abin da ya zama. Ba ki yarda ki sa hannu da sunan da ya yi shaidar zur ba, ba ki kuma yarda ki cire shi ki ci mutuncina ba. Sai kika ajiye duka a kan tabarmata kika tafi.

To ki saurara. Haƙƙin nan nawa ne, kuma na yafe shi. Ki cire sunana. Ba fushi nake yi ba, ba kuma gwada ki nake yi ba. Ki rufe waƙoƙinki da sunanki ke kaɗai. In kin ga baitin yana son na biyu, ki sa na mahaifiyarki. Za a ce ba a saba ba, ki bar su su ce. Ita ba ta taɓa cewa ta ga abin da ba ta gani ba. Ki fara da ta kwanon abincin. Kin tsaya a wurin, kin gani da idonki, babu wanda ya fi ki cancantar sa hannu, ko da yake ni ne wanda ake tuhuma a ciki.

Ni ba zan iya cike miki filin ba ko da na so. Sunan mahaifiyata aka sa miki, bakina bai taɓa furta shi ba, alƙalamina ma ba zai rubuta shi ba. Shi ya sa tun kina zanen goyo nake ce miki Uwata. Sai dai ke ki rubuta shi da hannunki.

Ban yi miki alkawarin komai ba. Wataƙila ki rubuta har tsufa babu wanda ya tare ki a tasha. Wataƙila ki yi baƙin ciki fiye da mai tafireta da ke kusa da ke. Ni dai na san baƙin cikin wanda aka ba abu ya binne, kuma ba na so ki gaje shi, ga shi ba ni da wani abin da zan bar miki.

Ki gaishe da Inna Asabe da maigidanta. Ki kula da sallarki, ki kula da tsallaka manyan titunan nan, direbobinsu ba sa ganin mai tafiya a ƙasa. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da shugaba mai tsoronsa, ya kare harshenki da hannunki daga abin da ya sami nawa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta yafe mini abin da ban nemi yafiyarsa ba tana da rai. Amin.

Ranar Juma'a da yamma Yohanna yake dawowa gida. Zan fito da benci ƙofar gida in zauna, in zuba wa hanya ido. Addu'ata in hango shi hannu rabbana.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku